Badaruddeen, Wanda Ya Ƙi Riƙe Mana Makulli

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A ranar Talata, 12 ga watan Agusta, 2025, da hantsi, Allah ya karɓi ran Badaruddeen Sa'idu a asibiti a Gwagwalada, bayan fama da ciwon sikila da ya taso da shi tun yana yaro. Bai kai shekara arba'in ba. Ya bar mahaifiyarsa, da matarsa Ikilima, da 'yarsu A'isha. An kai shi makwancinsa bayan la'asar, ana yayyafi.

Badaru, ni ce Antinka Safara'u, mai shagon Nyanya. Ba jini ya haɗa mu ba, sana'a ce, amma rashinka ya yi mini ciwo irin na ƙane.

Lokacin da aka kawo mini kai, ina sayar da yaji da daddawa da kuka da zuma ta shafin intanet. Matan unguwar Mpape ke daka mini yajin, manoman ƙauyukan Gwagwalada ke kawo zumar, masu saye kuwa har daga Legas da Fatakwal. Shafin yana kan manhajar wani kamfanin waje da nake haya, kuma mutumin da ya kafa mini shi ya riƙe duk lambobin sirrin a hannunsa. Duk ranar da shafin ya tsaya sai in yi ta kiransa kamar mai roƙon bara, ya ɗaga ranar da ya ga dama. Idan babu oda kuwa babu daka, matan nan su wuni hannu rabbana.

Ka duba komai a natse, sannan ka ce, "Anti, shagonki na haya ne, makullin kuma yana aljihun wani." Ka ba ni shawarar mu koma kan buɗaɗɗiyar saba. Ban san mece ce saba ba, ka yi mini bayani cewa ita ce manhajar da ke bayan shafin, mai karɓar oda ta ajiye sunan mai saye da adireshinsa. Wadda kake so kuwa, masu ita sun bar ta a buɗe, kowa na iya ɗauka kyauta, ya duba cikinta, ya gyara. Na ce maka banza ba ta kai zomo kasuwa. Ka yi dariya ka ce ba banza ba ce, gayya ce, mutane daga ƙasashe da yawa ke noma gona ɗaya, kuma kai ma kana da taka kunyar a ciki. Na yarda ne don na gaji da roƙo, ba don na gane ba.

Ƙaurar ba ta zo da sauƙi ba. Hotunan kaya suka ɓace, farashin zuma ya koma kan daddawa, kwastomomi suka yi ta kirana da ƙorafi. Na sauke maka kwandon faɗa ba sau ɗaya ba, ni da ma bakina ba ya shiru. Ba ka taɓa mayar mini da magana ba. Sai ka gyara zaman tabarau ka ce, "A ƙara haƙuri, Anti, kaya ne a kan hanya." Da damina ta wuce shafin ya zauna daram, muka rabu da kamfanin haya.

Na ɗauka daga nan kai ne sabon mai makulli, kuma raina ya kwanta da hakan. Ka ƙi. Ka miƙa mini lambobin sirrin gaba ɗaya, sannan ka ƙirƙiro mana wata al'ada da na tsana. Kowace Alhamis bayan azahar za ka ratso cunkoson Nyanya ka zo, ka lalata sabar gwaji da gangan, ka juya mana baya kana cin gasasshiyar masara, ka bar ni da Vivian, mai haɗa mana kayan oda, mu gano abin da ka ɓata. Vivian ta yi ta fama har ta ce, "Oga Badaru, wannan abu ya mutu gaba ɗaya fa, zo ka taimaka mana." Ba ka ko waiwayowa sai ka ce, "Karanta abin da sabar ta rubuta miki, Vivian. Ni ba na nan."

Wata Alhamis haƙurina ya ƙare. Na ce ni mace mai jikoki ba za a mayar da ni 'yar makaranta ba, gyara na ɗauke ka yi, ba ɓarna ba. Ranar ce kaɗai ka ajiye masarar ka fuskance ni. Ka ce, "Anti, kin san jikin da nake ɗauke da shi. Ba na so ranar da na kwanta ta zama ranar da turmin matan Mpape zai kwanta." Na ce bakinka ya sari ɗanyen kashi. Ka yi murmushi kawai, muka koma kan aiki.

Alherinka bai tsaya a kaina ba. Ka fassara bayanin manhajar nan zuwa Hausa ba tare da an biya ka ba, don masu ƙananan shaguna irina. Mutanen da ba ka taɓa gani ba suna turo tambaya, kana amsa musu dalla-dalla. Manniru, mai kai mana kaya a babur, kai ka koya masa duba adireshi a waya, har yau yana faɗa. Da na je duba ka a asibiti, ana yi maka ƙarin ruwa, idonka ya yi ɗorawa, abin da ka fara tambaya shi ne ko an yi darasin Alhamis. Na ce ba a yi ba, wa ke da zuciyar yi? Ka ce a yi.

Mun rufe shago har aka yi sadakar uku. Mako bai zagayo ba shafin ya tsaya, tsayawa ta gaske, alhali matan Mpape sun riga sun daka yajin wani babban biki suna jiran a tabbatar da odar. Ban san lokacin da na ɗauki waya na kira lambarka ba. Ta yi ƙara, aka ɗaga, sai na ji muryar Ikilima. Na ce na kira ne in ji ya ƙarin haƙuri. Ta ce da godiya, na kashe.

Vivian ce ta jawo kujera ta ce, "Madam, zo mu karanta abin da sabar ta rubuta." Muka karanta. Ashe ma'ajiyar sabar ce ta cika da tsofaffin hotuna. Muka kwashe su, muka tayar da sabar. Ba a jima ba odar ta shigo, wata ta biyo bayanta. Babu wanda ya yi murna. Vivian ta kifa kai a kan tebur tana kuka, Manniru ya fita ya fara ɗaure kwalaye a babur.

Ka so mu iya ba tare da kai ba, Badaru, kuma mun iya. Matan Mpape sun karɓi haƙƙinsu a ranar. Amma wallahi da zaɓi nawa ne, da na fi so mu kasa, ka shigo da tabaranka ka gyara.

Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka, ya sa ciwon da ka sha ya zama kaffara. Allah ya haskaka kabarinka, ya sa ilimin da ka bari ya zame maka sadaka mai gudana, ya sa Aljanna Firdausi ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna mahaifiyarka, da 'yan'uwanka, da A'isha, Allah ya raya ta ya albarkace ta. Ke kuma Ikilima, Allah ya ba ki juriya, kuma ki yafe mini wancan kiran, hannu ne ya riga hankali. Idan tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani.