Ƙararrawar Makanar Malam Uwaisu

Tun ina da ƙarfin ɗaukar tulu nake sayar da shayi a gindin dogon yaron da ke ƙofar ofisoshin hukuma a Sinnar, kuma ko ranar da na fara kafa murhuna a can na tarar da Malam Uwaisu. Ƙauyenmu ɗaya a bakin kogi, mota ɗaya muke shiga da safe. Sana'arsa rubuta wa mutane takardar koke. Manomin da aka tare wa ruwa, matar da ke neman takardar gado, duk gabansa suke zama su faɗi damuwarsu da Hausa, shi kuma ya buga da Larabcin da ofis ke so.

Da tafireta yake aiki, wata baƙa mai nauyin tsiya, mu dai makana muke ce mata. Yadda yake yi shi ne, mutum zai yi magana, Malam ya sunkuya ya yi ta bugu har ƙararrawar ƙarshen layi ta ce ƙil. Sai ya tura kan makanar da gefen hannu, ya ɗago ya ce, "Ina ji." Nan mai koke zai ci gaba. Kowa ya saba da haka, har ni. Sau da yawa da wannan ƙarar nake sanin lokacin miƙa kofi ba tare da na katse wa mutum magana ba.

Mutum ne mai tsabta da taurin kai. Ba ya shan shayina sai ya kushe shi, ni kuma ba na ba shi sai na ce makanarsa ta hana ni jin masu ciniki. Haka muka tsufa. Idonsa ya yi rauni, bai ɓoye wa kowa ba, amma yatsunsa sun san gidan kowane harafi, don haka aiki bai tsaya ba.

Abin da ya tsayar da shi ƙyallen tawada ne. Aka daina kawo shi kasuwa. Malam ya riƙa shafa tawada da ɗan man riɗi a jikin tsohon ƙyallen, har takardunsa suka koma ƙamshin abinci, rubutun kuwa sai an kai shi rana. Daga baya ofis ya ce ba ya karɓar komai sai bugun kwamfuta. Malam ya gwada kwamfutar wani shago a bayanmu, ya ɗora yatsu a kan wancan shimfiɗaɗɗen allon maɓallai, ya kasa gane gabas da yamma. Ya dawo ya zauna, ko shayin bai kushe ba. Na tsorata ƙwarai, don na ga sa'o'insa da suka bar aiki suka koma kwanciya a angarib, gadonmu na igiya, ƙarƙashin rumfa, ba su daɗe ba.

Jikarsa Sawsan ce ta ce tana da dabara. Karatun lantarki take yi a birnin Madani, Larabci ya fi Hausa zama a bakinta, kuma ita kaɗai ce ke iya ja da shi, don wasan jika da kaka bai ƙare a tsakaninsu ba.

"Kaka, ba ni makanar in kai ta asibiti," in ji ta.

"Ke amarya, kishi kike da ita? Ta girmi uwarki."

"Shi ya sa. Zan ɗaura mata aure da saurayi."

Ta kai ta gida a karo, wato keken jakin Muntari da ke mana dako. Ta shimfiɗa wani siririn faranti a ƙarƙashin maɓallan, ta ja wayoyi zuwa wata tsohuwar kwamfuta, yadda duk harafin da aka buga zai fito a gilashi, injin shagon bayanmu kuma ya fitar da takarda.

Kafin makanar ta dawo labari ya gama ƙauye. Wani ya ce an yi wa tsohuwa ƙarin ruwa. Ladan ya tambaya da gaske ko yanzu za ta iya ja wa mutum wuta. Matan da ke tsinkar auduga suka ce su ma a haɗa musu turmi da waya, su yi daka daga kwance. Muntari ya rantse ya ji ta yi tari a hanya. Malam Uwaisu na jin su, yana cewa, "Ku yi ta dariya, gabanta za ku zo ku zauna."

Ranar gwaji gindin dogon yaro ya cika har na rasa kofuna. Malam ya sa farar jallabiya, ya zauna, ya buga bisimilla. Sai ga ta a gilashi, baƙa wuluk, tsaf. Aka ɗauki sowa, wani ɗan sanda ya leƙa ƙarƙashin teburi yana neman inda tawadar ke bi. Sawsan sai murmushi take.

Inna Sakinatu ce ta fara zama, wata dattijuwa da maƙwabci ke tare wa ruwan gona. Ta faɗi sunanta da na ubanta, ta yi shiru. Malam ya buga, ya buga, sai na ga kafaɗunsa sun ɗaga yana jiran wani abu. Ya ƙara bugawa a hankali. Ya kai hannu zai tura kan makanar, kan bai motsa ba. Inna Sakinatu kuma ta naɗe hannu tana jira.

"Inna, ci gaba mana," in ji Sawsan.

"Ɗiyata, ba ta yi ƙara ba. In ba ta yi ƙara ba ai ba ta ji ni ba."

Mutane suka fashe da dariya, amma Malam bai yi ba. Ya shafa gefen makanar ya ce, "Ina ƙararrawa?"

Sawsan ta yi bayani cewa ta cire ta don wayoyi su sami wuri, ta kuma ɗaure kan don kada ya tsinka su. Ai kwamfuta da kanta take sauka layi, ba ta buƙatar kowa. Gaskiya ta faɗa, kuma da kyakkyawar niyya, amma ni da na san shi na ga maganar ta shige shi.

"Halas, shi ke nan," ya ce. "Ni ban san inda nike ba cikin takardag ga. Ban gani, kuma yanzu ban ji."

Ya tashi ya kakkaɓe jallabiyarsa, ya nufi tasha tun rana ba ta yi tsaka ba.

Kwanakin da suka biyo baya bai fito ba. Sawsan ta zo wurina idonta ja, ta ce ta juye gidan kaf, ƙararrawar ba ta cikin gwangwanin da ta zuba tarkace. Ta gwada ƙararrawar keke, Malam ya ce ita wannan ta masu sayar da madara ce. Ta sa kwamfutar ta riƙa yin ƙara, ya ce kada ta mai da shi yaro. Na ji haushinsa, na ji tausayinsa, kuma wurin ya yi mini shiru har shayin nake zuba wa sukari sau biyu.

Wata safiya ina hura gawayi sai na ji ƙil daga bakin titi. Hannuna ya miƙa kofi da kansa kafin in tuna babu kowa a teburin. Na waiga, sai ga Muntari a kan karo, ya kafe ƙararrawar a jikin katako yana dukanta da ƙusa don mutane su ba shi hanya.

"Muntari! Ina ka samo wagga?"

"Hajja, cikin karo na tsince ta ran da na maido makana. Na ce ko ba a so."

Ban tsaya dogon zance ba, da cokalin shayi na ɓamɓare ta. Ya bi ni yana cewa jakin ya riga ya saba da ita.

Sawsan ta mayar da ita, ta kwance kan makanar, ta ƙara wa wayoyin tsawo yadda zai yi tafiyarsa, turawar hannun Malam kuma ita ce za ta sauke layi a gilashi. Ya sa aka naɗa masa farar takarda a ciki duk da ba abin da zai fito a kanta, wai ba ya buga wa ƙarfe tsirara.

Da ya dawo babu taro, daga ni sai Inna Sakinatu, wadda ta ƙi kai kokenta ko'ina. Ta sake faɗin sunanta da na ubanta. Malam ya sunkuya ya buga, ni kuma na tsaya da buta a hannu. Ƙararrawa ta ce ƙil. Ya tura kan makanar, ya ɗago ya ce, "Ina ji."

Na ajiye masa kofi a gefe. Ya kurɓa ya ce, "Habiba, shayin ga ya yi sanyi."