Hannun Hagun Masta Yohanna

Ranar wata Asabar ce a cikin rani, a shekarar da ake ta shirin zaɓen farar hula, na tsinci kaina da hantsi tsaye a bakin kunyar albasar wani mutum a fadamar Faru, sanye da gajeren wandon kaki, da turke a hannuna, ina kallon maza suna ɓullowa daga cikin rogo ta kowace fuska. Ba gudu suke yi ba, abin da ya fi tsinka mini zuciya ke nan. Wani da gatari a kafaɗa, wani da fartanya, wani ya riga ya ɗana kibiya a baka. Ina aji shida a lokacin, ni ne kuma shugaban yaran da ke gaba, ga su nan sun maƙale a bayana kamar 'yan tsaki. Babban mutum ɗaya tak da ke tare da mu, Masta Yohanna, yana can nesa a baya da sauran yara, bai ma san abin da ake ciki ba.

Masta Yohanna ba malamin makarantarmu ba ne. Ma'aikacin gidan waya ne a Talata Mafara, Kirista, mutumin kudancin Zariya, dogo siriri mai yawan murmushi. Babu wanda ya sa shi, babu mai biyansa, shi dai ya je ya roƙi hedimasta ya ba shi yara ya koya musu sikawut. Duk ranar Alhamis da la'asar sai ka hango shi a kan kekensa, da gajeren wando da doguwar safa da malafa mai faɗi, mahautan bakin kasuwa na yi masa tsiya wai gemu ya fito amma wando ya ƙi girma. Sai ya ɗaga musu hannu ya wuce abinsa. A ƙarƙashin itacen darbejiyar makaranta ya koya mana ƙullin igiya iri-iri, da hura wuta da ashana ɗaya, da ɗaure karaya da kara, da yadda ake ɗaukar wanda ya suma. Ya kuma koya mana gaisuwar 'yan sikawut, wadda da hannun hagu ake yin ta, yana cewa, "Hagu ta fi kusa da zuciya." Mu kuwa abin nema ya samu, muka riƙa miƙa wa juna hagu har a bakin rijiya.

Ban samu shiga da sauƙi ba. Mahaifina, Malam Mamman, maɗinki ne, kuma ba ya wasa da aiki. Kafin in leƙa ko'ina sai na cika randunan gida, na yiwo wa tumaki ciyawa, na zauna a shago na dasa maɓallai, na hura gawayin dutsen guga. Wata rana wani abokinsa ya shigo shago ya miƙo mini hannu, ni kuwa don burga na ba shi hagu. Ranƙwashin da na sha a ranar har yau in na tuna sai na shafa ƙeya. Baba ya ce, "Wanga hannu, wata rana shina jawo muku abin da ba ku iya ɗauka." Ya hana ni zuwa, na yi ta kumbure-kumbure, ina cin tuwo kamar ana ɗura mini magani. Sai ga Masta da kansa a zaurenmu, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, aka yi gaisuwa har ta gaji. Baba ya daɗe yana kallon safar nan tasa kafin ya ce, "Ɗa amana na. Yadda kaɗ ɗauke shi, hakanan za ka maido min shi." Masta ya ce ya ɗauka. Daga baya ma Baba ne ya ɗinka mana kakin gaba ɗaya, kuma da Masta ya roƙi ragowar jan ƙyalle, ya cika masa leda bai tambayi abin da za a yi da shi ba.

Shekarun madatsar Bakolori ne. A idonmu na yaran gari, abin kallo ne ya zo har gida: manyan motoci masu tayoyi da suka fi mutum tsawo, Turawa jajaye a cikin jif, baƙin fuskoki cike da kasuwar Talata. Mukan bi motocin da gudu muna ihu, mu dawo mu ƙera irinsu da karan dawa. Amma a zaure manya sun rage murya. 'Yan uwan innata na Dakko, ta wajen Bakura, sukan zo suna kukan gulbi ya daina malalowa fadama. Mutanen wajen Maradun kuwa ruwa ne ya hau gonakinsu, wasu kuma katafila ta baje musu nasu. Akwai abin da kowane manomi ya sani, wanda mu yaran gari ba mu sani ba, Masta ma da ke wuni a bayan kanta bai sani ba. In za a karɓe gona, masu kaki ne suke fara zuwa su kafa fararen turaku da jan ƙyalle a kai, daga nan sai katafila ta biyo sahu.

To, ranar Asabar ɗin nan Masta ya shirya mana fita daji, ta farko tun da aka kafa ƙungiyar. Ya bi gida-gida ya roƙi iyaye, ya samo wata akori-kura ta sauke mu a hanyar Maradun, kusa da Faru. Wasan da ya tanadar mana shi ne bin sawu: wasu yara su wuce gaba suna barin alama, sauran su biyo baya suna nemanta. A littafinsa na sikawut da duwatsu ake yin alamar, amma ya ce fadama ba dutse, don haka tun ana sauran mako ya sa muka feƙe itatuwa, muka shafe su da farar ƙasa don a hango su, muka ɗaura wa kowanne jan ƙyallen shagon Baba. Sun yi kyau ƙwarai, har muna gardamar na wa ya fi tsini. Aka ɗora mini damin turakun, aka haɗa ni da Bulus, ɗan wani malamin asibiti, wanda aka rataya wa usur, da wasu yara kaɗan, muka shiga fadama muna taƙama.

Na yi aikin da zuciya ɗaya. Duk inda hanya ta karya sai in kafa turke, in buga shi da wani dutse da na tsinto tun a bakin hanya, in gyara ƙyallen ya fuskanci iska. Muka ratsa albasa, muka ratsa dankali da taba, muna bin kan iyakar gonaki don kada mu taka shukar mutane, kamar yadda Masta ya gargaɗe mu. Ashe wannan ladabin ne ma ya ƙara ɓata abin, don masu awon gona ma kan iyaka suke bi. Wata mata mai kai abinci gona ta hango mu, ta tsaya cak, ta dubi kakinmu, ta dubi layin turakun da muka baro. Sai ta dire ƙwaryar ta juya da gudu tana kururuwa. Muka yi dariya, wai ta ga sojoji. Ba a jima ba dariyar ta maƙale, maza suka fara fitowa daga cikin rogo. Bulus ya tuna darasin neman taimako, ya cusa usur a baki ya busa iya ƙarfinsa. A kunnen mutanen nan kuwa usur kiran 'yan sanda ne. Nan take na ga gatura sun sauko daga kafaɗu, da'irar ta ƙara matsewa.

Masta ya iso da gudu, sauran yaran na biye da shi, amma da ya ga abin da ke gabansa sai ya koma tafiya a hankali. Ya ce mana da murya ƙasa-ƙasa kowa ya ajiye sandarsa ya zauna. Duk suka zube, ni kaɗai na rage a tsaye kusa da shi. Wani tsoho gajere mai farin gemu, wanda daga baya na ji ana kira Baba Nomau, ya ratso mutane da turakunmu a hannu, ya watsar da su a gaban Masta. Masta ya yi masa sallama. Tsohon bai amsa ba, kuma duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san abin da ake nufi in dattijo ya ƙi amsa sallama. Cewa ya yi, "Wa ya turo ku? Har ɗiya ƙanana kunka koya ma awon gonakin mutane?"

Masta ya matsa gaba don ya gaishe shi. Sandar sikawut na hannunsa na dama, kuma tun asuba yake gaisawa da yara da hagu. Ina kallo hannun hagun nan ya fara tasowa da kansa, yana nufin tsohon da ransa ya riga ya ɓaci, a gaban 'ya'yansa da jikokinsa masu gatura. Wani saurayi a bayan tsohon ya gyara tsayuwa. Ba dabara ce ta zo mini ba, ƙeyata ce kawai ta tuna ranƙwashin Baba. Na cafke hannun da hannayena biyu, na rataya a jikinsa da duk nauyina. Hannun ya yi sanyi, ya jiƙe da gumi, yana ta rawa. Ranar na fara sanin cewa manya ma suna jin tsoro, kuma wannan ya fi gatarin firgita ni. Masta ya dube ni, ya dubi hannunsa. Sai ya saki sandar ta faɗi, ya cire malafa, ya zame takalmansa, ya durƙusa a kan ƙasa ya miƙa dama, ni kuma ina nan maƙale da hagunsa.

Tsohon ya bar hannun a miƙe, ya daɗe yana kallonmu. Can ya nuna ni da haɓa ya ce, "Ɗanka na?"

"A'a, Baba, ɗan mutane ne," in ji Masta. "Duk waɗannan amana aka ba ni. Wasa ne na yara, ni na shirya shi, ban san abin da turke yake nufi a nan ba. In hukunci ne, ku riƙe ni, ku bar su su koma wurin iyayensu."

Tsohon ya juyo gare ni ya ce, "Kai, ɗan wa?" Na ce ɗan Mamman maɗinki ne na Mafara, innata kuma 'yar Dakko ce. Ya sake duban yadda na ƙanƙame mutumin. Sannan ya ce, "Wa alaikumus salam," ya kama hannun. Aka shiga ina kwana, ina gajiya, yaya rani, yaya iyali, alhali gatura na nan a hannun masu su. A gida doguwar gaisuwa takan ishe ni, amma ranar so na yi kada ta ƙare.

Samarin ba su gamsu ba, suna ta gunaguni cewa haka ake fara zuwa da lallami. Sai Baba Nomau ya yanke cewa wanda ya sa aka kafa turakun shi zai tuge su da hannunsa, ya cike kowane rami. Masta bai tsaya mayar da takalmi ba. Haka ya bi sawunmu da safa kawai a kan ƙasar da rana ta gasa, ƙaya na huda shi, yana tugewa yana cikewa, mu muna biye a jere, mutanen na gefe da gefe. A kowace gona tsohon sai ya tsaya ya faɗi sunan mai ita, da na uban da ya bar masa, kamar yana gabatar mana da mutane. Da aka gama aka tara turakun aka cinna musu wuta. Da wutar ta zama garwashi, tsohon ya tono dankali daga gonarsa ya watsa a ciki, ya ce, "Ku ci, ɗiyan kaki, hanya da nisa."

Kafin magariba Masta ya kai kowane yaro ƙofar gidansu, yana ɗingishi. A zaurenmu bai ɓoye komai ba, ya zayyana wa Baba yadda aka yi, har da jan ƙyallen. Baba ya dubi ƙafafun nan da suka kumbura, ya dube ni daga sama har ƙasa kamar yana duba ɗinki, ya ce, "Ka maido shi." Ya leƙa cikin gida ya ce a ɗora ruwan zafi a kawo wa baƙo. Alhamis ta gaba Masta ya zo darbejiya kamar kullum, abin da ya fara faɗa mana shi ne daga yau sikawut ɗin Mafara da dama zai riƙa gaisawa.

A shekarar da ta biyo baya masu kaki na gaske suka shiga ƙauyukan nan da bindigogi, su kuwa ba su tuɓe wa kowa takalmi ba. Na sha tambayar labarin Baba Nomau a wurin masu zuwa kasuwa daga wajen Faru, ban samu wanda ya ba ni amsa ɗaya tsayayya ba. Masta ma aka yi masa canjin wurin aiki, labarinsa ya yanke. Yau ni ne nake sa kaki duk Asabar ina koya wa yara sikawut, da furfurata, 'yan acaɓa na yi mini irin tsiyar da mahauta suka yi masa. Iyayen yanzu a waya suke ce mini to, ba wanda ke zaunar da ni a zaure ya kira abin da sunansa, wato amana. Duk da haka ba na fita da yara ko'ina sai na riga na je na durƙusa a gaban dattawan wurin. In muna tsallaka titi wani ƙaramin ya kama mini hannu, nakan tuna sanyin tafin Masta Yohanna. Sai da aka ba ni ɗan wani na gane cewa ba don kansa hannun nan yake rawa ba.