Ranar da Na Ce 'Yata Ce

Ko tsufa ya kwashe mini komai daga kai, ba zai ɗauke ranar da na yi ta safa da marwa a ƙofar wani ɗan asibitin mishan a gefen Dutse ba, da abin da ya biyo bayanta.

'Yata ta fari ce ta haihu, ta dawo ƙauyenmu da ke bayan Kiyawa wankan jego. A wurinmu uwa ba ta kama sunan 'yar fari, ba ta nuna damuwa da ita a gaban mutane. Ni "yarinyar nan" nake ce mata tun tana zanen goyo. Surukata, wadda muke kira Inna, ita ta raine ta, don haka ita ce mai wanka. Safe da yamma a tafasa ruwa, a fyaɗa mata da ganyen darbejiya, a biyo da kunun kanwa. Inna kuwa wajen zuba kanwa hannunta nauyi gare shi.

Ba a yi nisa ba ƙafafun yarinyar suka kumbura. In ta kwanta numfashi ya gagara, sai ta tashi zaune tana haki. Inna ta ce sanyi ne ya shige ta, a ƙara wuta. Ni kuwa sai shiga da fita nake, in ɗauki tsintsiya in share inda na riga na share. Tsoro ya cika ni, ga baki a ɗaure. Maigidan ne da ya ga abin ya yi yawa ya samo adaidaita sahu.

Sistoci ne ke riƙe da asibitin, matan cocin Katolika da suka bar aure don hidimar jama'a. Da can in na ji labarinsu sai in taɓe baki, in ce mace ba miji ba ɗa, me ta sani a jego? Wata dattijuwa a cikinsu, 'yar kudu mai karyayyar Hausa, ta shiga da yarinyar da Inna. Ni na tsaya waje. In je bakin famfo in dawo, in zauna a benci in miƙe kamar an tsikare ni.

Can sai ga sistar ta fito, ta wuce duk matan da ke zaune, ta nufo ni.

"Mama, ke ce uwar."

Na sunkuyar da kai. "Ai kakarta na ciki."

"Na gan ta. Na daɗe a ƙasar nan. Wadda ta ƙi shiga kuma ta kasa zama, ita nake nema."

Ta ce zuciyar yarinyar ce ta gaji, ruwa ya taru a jikinta, kanwa da zafin wankan suna ƙara mata nauyi. "Na gaya wa kaka, ta ce to. Na san irin wannan to ɗin. Magani yana hannuna, Mama, amma tukunya tana gidanku. In aka koma wa kanwa, ba na jin za ta ga arba'in."

Suka riƙe ta har kumburin ya saɓe, muka dawo gida. Washegari da safe na ji ƙarar turmi. Na leƙo, Inna ce ke daka kanwa, ga ruwa na tafarfasa a murhu.

"Wadda ba ta taɓa naƙuda ba ce za ta koya mini jego?" in ji ta. "Haka na yi wa nawa duka, ga su nan garau."

Ba mugunta ba ce, Inna ta fi kowa son yarinyar nan. Shi ya sa abin ya yi mini wuya. Na shiga ɗaki na fito, na sake shiga. Da na ga ta dama kunun ta nufi ƙofar mai jego, ban san lokacin da na sha gabanta na riƙe ƙwaryar ba.

"Inna, a yi haƙuri. Ba za ta sha ba."

"Ke? Yaushe kika yi baki a kanta? Ina kunyar?"

"'Yata ce, Inna."

Daga cikin ɗaki na jiyo yarinyar ta fashe da kuka, don tunda aka haife ta ba ta taɓa jin wannan kalma a bakina ba.

Inna ta daina amsa gaisuwata. Ranar Lahadi, bayan sun tashi daga coci, sai ga sistar a bayan ɗan acaɓa. Ta durƙusa har ƙasa ta gai da Inna, ta yabi darbejiyarta, ta roƙi a ci gaba da wanka amma da ruwa mai ɗumi, wanda Inna da kanta za ta gwada da gwiwar hannu. Inna ta yi ta mita, amma ta sirka ruwan. Kanwa kuwa ba ta sake shiga kunu ba.

Yarinyar ta ga arba'in. Yau jaririn da ta haifa shi ke kora mini awaki, har ya yi ƙanne. Har gobe ban kama sunan uwarsa ba, kuma ba na shirin farawa. Amma na koyi cewa kunya tana da iyaka, iyakarta kuwa ran mutum. Wadda ta nuna mini wannan iyaka ba ta taɓa goya ɗa a bayanta ba.