Audugar Kunnen Tomezo

Tomezo mijin yayata Setsu ne, kuma duk ƙauyenmu da ke gaɓar tsibirin Hokkaido ba wanda bai san aikinsa ba: korar dabbobin ruwan nan da ake kira zakunan teku. Da ƙanƙara ta fara sauka suke zuwa daga arewa, ƙatti, su yaga komar masunta su cinye kifin da ke ciki. Ƙungiyar masunta ta ba shi ƙaramin jirgi, da bindiga mai albarushi zalla, da 'yan nakiyoyin da ake jefawa cikin ruwa, masu ƙara amma ba sa kisa. Tun yana da baƙin gashi yake wannan fama.

An ce masa dabbobin nan kunnensu ya fi kaifi a cikin ruwa, ƙara kaɗan za ta kore su. Gaskiya ne, a shekarar farko sun gudu. Daga nan suka gane shi. In ya jefa nakiya a ruwa, sai su ɗago kawunansu sama su zuba masa ido har ƙarar ta wuce. In ya harba bindiga a iska, sai su nutse. Su suna da wuri biyu na ɓoye kunne, sama da ƙarƙashin ruwa, shi kuwa ba shi da ko ɗaya. Abin haushi ma, sun haddace kukan injinsa tun daga nesa, suna biyo shi, don sun san inda ya nufa akwai koma.

"Tomezo, kai kake korar su ko kai kake kiran su cin abinci?" in ji masunta a bakin tashar jiragen ruwa.

"Me kuka ce?"

"Ba komai, je ka, 'ya'yanka na jira!"

Kullum da safe Setsu takan cusa masa auduga a aljihu tare da dunƙulen shinkafarsa. "Baban Kayo, ka toshe kunnenka."

"In na toshe, wa zai ji mini inji in ya fara tari?"

"Ni kuma wa zai ji ni in na fara tari?"

Sai ya yi dariya ya fita. In ta zo wanki ta tarar da audugar a aljihu yadda ta sa ta. Na sha ce mata ta daina wahalar da kanta, mutumin nan taurin kansa ya fi na dabbobin. Ba ta daina ba. Tsoronta ɗaya ne, kada ranar ta zo da za ta yi magana bai ji ba.

Kunnen hagu ya fara tafiya, na dama ya bi shi a hankali. Gidan ya koma gidan ihu, ana tambayar gishiri kamar ana faɗa. Setsu ta gaji, ni ma da nake maƙwabtaka da su na gaji. Sannan ciwon ƙirji ya kama ta, muryarta ta ƙanƙance har sai ka matso kafin ka ji.

Ranar da za ta rasu muna asibitin gari, ni da shi. Ta kama hannun rigarsa, leɓenta na motsi. Ya sunkuya ya kai kunnen dama, ya juya ya kai na hagu, ya sake juyawa. Ni na ji daga inda nake zaune. Shi bai ji ba.

Bayan an rufe mata fuska ya riƙe ni a baranda. "Ƙanwata, me ta ce?"

Na faɗa masa. Ya girgiza kai. Na ƙara ɗaga murya, ma'aikatan jinya na waiwayen mu. Ƙarshe dai sai da na kafa baki a kunnensa na kwarma, ina kuka, ina jin haushinsa: "Ta ce ka toshe kunnenka!"

Da aka gama makoki ya koma aiki, don zakunan ba su san an yi rasuwa ba. Na hango shi ta taga yana gangarawa tasha, fararen auduga cushe a kunnuwansa biyu.