Kifin da Bashir Bai Nuna Mana Ba

Ina cikin jirgin Metro da safen nan aka kira ni: Injiniya Bashir ya rasu, ciwon zuciya. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Har na wuce tashar Mushairib ban san na wuce ba.

Bashir ne ya tarbe ni da na zo Doha. Na tare a falonsa na unguwar Al Mirqab ina cin tuwonsa, ko sau ɗaya bai tambaye ni yaushe zan tashi ba.

Mutum ne mai son kyamara. Jama'a na zuwa gidan kallon kifaye don masu launi, shi kuwa sai masu ɓuya: wanda ya saje da dutse, wanda ya shige yashi sai idanu. Baƙar riga yake sawa don kada gilashi ya nuno shi, ya manna kyamarar a jikin gilashin, ba filasha, ya tsaya ƙyam. Ni ba ni da wannan haƙurin. Nakan ce, Malam, ka baro Zariya don ɗaukar hoton tsakuwa?

Dariya kawai yake yi.

Kowane hoto matarsa Hajiya Rabi yake fara tura wa a gida, ta nemo kifin. In ta gaza sai ya zagaye mata shi da jan layi. Hirarsu ke nan, tunda bizarta ba ta fito ba.

Juma'ar da ta wuce muka je tare. Ya daɗe a gaban wani tanki yana ɗaukar hoto, ni ban ga komai ba sai duwatsu da ciyawar ruwa. Na ce yalla, yi sauri, nuna min kifin mu tafi, yunwa nake ji. Ya ƙi.

"Ai yana kallonka ma. Bari Hajiya ta gaji tukuna, in nuna muku tare."

Ɗazu na kira ta in yi mata ta'aziyya. Cikin kuka ta ce hoton yana wayarta, bai zagaye ba. Ta turo min, ta ce tunda ina wurin, in nuna mata.

Wallahi na buɗe shi, na ƙara girmansa, na juya wayar. Ban gan shi ba. Har yanzu ban ba ta amsa ba, ina zaune ina kuka.

Allah Ya jiƙan Bashir, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba Hajiya Rabi haƙurin rashinsa. Don Allah duk wanda ya karanta ya sa shi a addu'a, ya sa ta ita ma.