Katin Baƙi

Tana zaune a kujerar baƙi, bakin ƙofar wani sabon kamfanin kai saƙo, ta zare takalmi ɗaya saboda ƙafar ta kumbura. Cikinta ya tsufa. An rataya mata kati a wuya mai rubutun "Baƙo", yana kwance a kan cikin. Amma wace irin baƙuwa ce wayar ofis za ta yi ƙara hannunta ya zabura zai ɗauka?

Yau jami'in ƙwadago ke zagaye, don haka duk wanda ba a ba shi takardar ɗaukar aiki ba an mai da shi baƙo. Tun da safe mai kamfanin, wanda bai wuce sa'an ƙanenta ba, ya russuna ya ce, "Yaya, a rufa mana asiri. Ai mu nan gida ɗaya ne." Gida ɗaya, amma ranar da ta yi maganar hutun haihuwa cewa ya yi kamfanin ma rarrafe yake.

Ga teburinta can an zaunar da wata tana danne-danne. Ga jami'in yana shan shayi da kofinta. Ta san kalma ɗaya ta isa, ta kuma san gobe wannan kujerar ma ba za ta samu ba.

Jami'in ya zo fita, ya tsaya a kanta.

"Baiwar Allah, kin daɗe kina jira?"

Ta dubi mai kamfanin, ta gyara zaman katin.

"Tun ranar da aka buɗe, ranka ya daɗe."

Ya yi dariya, ya wuce.