Wasan Farko na Baƙo Ne

A Moshi Zongo idan ka tambayi gidan Malam Saeed baduku, kallonka za a yi. Amma ka ce Ɗankande, ko mai tallan ruwan leda za ta nuna maka rumfarsa, can bayan masallacin kwana, inda warin jima ke tarbar mutum tun daga bakin hanya. Sunan uwarsa ne ya bi shi, kuma da dalili. Ubansa ɗan karta ne na ƙin ƙarawa, wanda ya kai basillarsa da wuƙar yankan fata teburin caca ya dawo hannu rabbana. Kande ce ta riƙe gidan da tukunyar wake da shinkafa, har yaran suka yi wayo. Shi ya sa Ɗankande ya tashi da ƙin caca irin ƙin da mutum ke yi wa abincin da ya taɓa sa shi amai.

Abin mamakin shi ne, duk Tamale ba a samu gwanin dara kamarsa ba. Ina nufin darar nan mai gida baƙi da fari, wadda mutanen Gana ke kira dame. Da la'asar ta yi zai ajiye takalmin da yake ɗinki, ya jawo benci ƙarƙashin darbejiya, ya ɗora allo a gwiwa. Daga Nyohini ake zuwa, daga Gumbihini ake zuwa, kowa da cika bakinsa, kowa ya tashi yana sosa ƙeya. Sharaɗinsa ɗaya ne: ba a ɗora ko sisi a kan allonsa. Wani direba ya taɓa ajiye sidi biyar a gefen benci da wasa, Ɗankande ya tattara 'ya'yan dararsa ya shige gida, sai da aka yi ta ba shi haƙuri kafin ya sake fitowa.

Yana da wata al'ada kuma da kowa ya san shi da ita. Duk wanda bai taɓa zama a gabansa ba, wasan farko nasa ne. Ɗankande zai bari a cinye shi, kuma da gwaninta yake yi, yadda baƙon zai rantse ƙoƙarinsa ne. Wannan ma daga Kande ya samo. Yana saurayi ya taɓa wulaƙanta wani dattijo ɗan Bawku a gaban jama'a, ya bar shi ko ɗa guda bai ci ba. Kande ta kira shi bayan tukunya ta ce, mutum ya zo garinku ko ruwa ba ka ba shi ba, ka tuɓe masa hula a kasuwa? Tun daga ranar yake kiran wasan farko ruwan baƙo. A wasa na biyu ne mutum ke gane inda ya kawo kansa.

Abokin karawarsa na kullum shi ne Issahaku, Badagombe mai sayar da doya, wanda Hausarsa ba ta san mace ba ta san namiji ba. Tun suna da baƙin gashi suke buga allo ɗaya. Issahaku zai daki allon da ɗan dara kamar mai fasa kwakwa, ya ce, "Yau matanka zai yi kuka." Ɗankande ya ce, "Matata ta gaji da dafa wa wanda na cinye abinci." Haka suke har a kira magariba, kuma mafi yawan lokuta a kwano ɗaya suke cin tuwon Abibatu, matar Ɗankande.

Sai Mutawakil. Ɗan aminin Ɗankande ne da ya rasu, a gidan ya girma, Abibatu ce ta yi masa wanka har ya iya da kansa. Baba yake ce wa Ɗankande, kuma ba a baki kawai ake ɗaukar kalmar ba. Da ya zama magidanci ya buɗe ɗan kes na momo a mahaɗar Nyohini, yana tura wa mutane kuɗi ta waya. Daga baya ya ƙara wani allo a jikin kes ɗin, wai yana saye yana sayar da kirifto. Da farko dariya aka yi masa, kuɗin da ba a gani ba a taɓawa. Amma sidi ya yi ta zubewa, 'yan kasuwa suka ga masu sayo kaya daga Lome da shi suke biya, iyaye suka ga 'ya'yansu na Dubai da shi suke aiko na cefane. Kafin ka ce me, har masu doya sun iya cewa a mayar musu da cinikinsu dalar waya. Issahaku da ba ya yarda da banki ma ya miƙa wa Mutawakil wayarsa, saboda ɗan gidan Ɗankande ne.

Wata la'asar Mutawakil ya zo gindin darbejiya da babbar waya, ya durƙusa ya ce, "Baba, Tamale ta yi maka kaɗan. Ga dara a nan ciki, da mutanen Kumasi da Abijan da ko'ina. Ka gwada su mana."

Ɗankande ya juya wayar ya ce, "Ba kuɗi a ciki?"

"Haba Baba. Ni zan kawo maka caca? Gwaninta ce zalla, a san wa ya fi wa."

Wallahi tsohon nan ya ji daɗi, kada a ɓoye. Yatsansa mai kanta ya sha wuya kafin ya saba da gilashi, amma da ya saba sai ya zama abin kallo. Kowane sabon suna ya fito ya ba shi ruwansa, sannan ya bi shi da duka. Jama'a suka ƙaru a gindin bishiyar. Mutanen da a da suke zuwa su yi hamma su tafi, yanzu tsaye suke a kansa, suna riƙe numfashi, idan ya ci su yi ta tafawa da juna. Issahaku ya daina neman nasa wasan, ya koma bayan kafaɗarsa yana yi masa fifita. Mutawakil kuwa ya shiga kawo buhun shinkafa da jarkar mai gida, yana cewa kes ne ya yi albarka. Ɗankande yakan ce wa Abibatu, ashe mutanen unguwar nan suna ƙaunarsa haka bai sani ba.

Abin da bai sani ba, kuma kowa a gindin bishiyar ya sani, shi ne kowane wasa da kuɗi a kansa. Ɓangare biyu ke zubawa, wanda ya ci ya kwashe. Mutawakil ke tara na 'yan unguwa a asusunsa na kirifto, wasan farko ya sa ɗan abin da ba zai yi ciwo ba, na biyu a zuba da gaske, da yamma kowa ya ji wayarsa ta yi ƙara. Sun haɗa baki kada tsoho ya ji, don sun san ranar da ya ji ranar allon zai shige gida. Manya da furfurarsu, masu sahun farko a masallaci, suka mayar da shi saniyar tatsa suna yi masa kirari.

Wata Alhamis da hantsi Mutawakil ya same shi shi kaɗai a rumfa, ya ajiye masa ƙunshi. Fugu ce, rigar nan ta Dagomba, sabuwa dal, saƙar hannu, mai nauyi, irin wadda Ɗankande ya daɗe yana tayawa a kasuwa yana ajiyewa. Ya ce, "Baba, ta Juma'a ce. Sannan yau akwai wani baƙo daga Abijan, dattijo ne, ya ji labarinka yana so ya gaishe ka. Bai taɓa zama da kai ba." Ɗankande ya shafa rigar, idonsa ya kawo ruwa, ya sa masa albarka har da ta ubansa da ke kabari.

Su kuwa 'yan gindin bishiya wani labarin aka ba su. An ce musu mutumin Abijan attajiri ne mai girman kai, jiya ya riga ya sha ruwansa a rumfa, yau wasa na biyu ne, kuma ya zuba abin da ba a taɓa zubawa ba. Duk mai son rabonsa ya kawo abin da yake da shi. Issahaku ya kawo cinikin doyarsa na kaka gaba ɗaya, wanda ya ware don kayan ɗakin 'yarsa.

La'asar ta yi, aka taru har masu yalo-yalo suka ajiye kekunansu na haya masu ƙafa uku a bakin hanya. Ɗankande ya buga wasa mai kyau, ya matse baƙon har ya ji tausayinsa, sannan ya yi abin da ya saba. Ya tura ɗa guda inda bai kamata ba, a hankali, kamar kuskure. Baƙon ya ci uku a jere ya yi sarki. Da wasan ya ƙare Ɗankande ya yi dariya ya miƙa wayar ya ce, "To, ya sha ruwa. Ka ce masa ya gyara zama."

Ba wanda ya taya shi dariyar. Ya ɗaga kai ya ga Issahaku ya saki mafici, bakinsa a buɗe. Mutawakil ya karɓi wayar ya ce sabis ya ɗauke, bari ya zaga ya kira mutumin. Ya zaga ɗin. Jama'a suka watse ɗaya bayan ɗaya ba sallama, domin ba mai bakin tambaya, tunda tambayar kanta tonon asiri ce.

Washegari aka wayi gari kes ɗin Nyohini da kwaɗo. Wani mai yalo-yalo ya ce shi ya kai Mutawakil tashar motar Akara tun da asuba, tare da wani abokinsa na Gumbihini, suna ta dariyar dattijon Abijan. Ashe Abijan ɗin ɗakin abokin ne. Ɗankande bai ji ko ɗaya ba. Ya yi wanka, ya zura sabuwar fugunsa, ya nufi masallaci yana taku ɗaiɗai, yana jiran a yaba.

A ƙofar masallaci Issahaku ya tare shi, ya kama gefen rigar da yatsa biyu ya ce, "Wannan ne kuɗin 'yata?"

Nan aka zazzage masa komai, a tsaye, a gaban mutane. Ɗankande ya ce, "Ce mini ya yi baƙo ne." Wani daga baya ya ce ai dole ya faɗi haka, rigar dai ga ta a jikinsa. Wannan bai dame shi kamar abin da ya biyo baya ba. Ya dubi Issahaku ya ce, "Tun yaushe kuke ɗora kuɗi a kaina?"

Issahaku ya kawar da kai. "Tun bayan ƙaramar salla."

"Da kai?"

"Kowa yana yi, Ɗankande. Kai ba ka faɗuwa."

Ya tuna fifitar. Ya tuna tafin, da kirarin, da shinkafar da ya yi watanni yana ci yana sa wa mai kawowa albarka. Yaron da ya goya ya sayar da shi, wannan ciwo ne, amma yaro ya gudu. Waɗannan kuwa suna nan tsaye, su suka ci amanarsa watanni, kuma su ne yau ke kallonsa a matsayin ɓarawo. Ya tuɓe fugun a wurin, ya ajiye ta a kan takalman masallata, ya shiga sallah da 'yar shara.

Maganar ba ta mutu ba. Wasu sun yarda bai sani ba, wasu har gobe cewa suke tsoho ya karɓi kasonsa. An ɗaga bikin 'yar Issahaku, shi kuma ya canza hanyar zuwa kasuwa don kada ya bi ta rumfar. Abibatu ta kwashe sauran shinkafar ta bayar, ta daina ambaton sunan Mutawakil, sai dai wani lokaci a same ta tana kallon ƙofar ɗakin da ya taso a ciki. Ɗankande bai fasa jawo benci da la'asar ba. Yakan jera 'ya'yan dara, baƙi da fari, ya zauna har magariba ɗaya gefen bencin ba kowa.

Ana nan wata rana wani mutum ya kawo gyaran takalmi, malamin makaranta ne da aka yi wa canjin aiki daga Bolga, bai san kowa a garin ba. Da aka gama gyaran ya ga allo, fuskarsa ta washe, ya ce, "Baba, ko za mu taɓa kafin in tafi?" Suka zauna. Mutumin kirki ne, yana wasa yana ba da labarin 'ya'yansa da ya baro. Wasa ya kai daidai inda Ɗankande ya saba sakin ɗa guda. Ya ɗora yatsa a kan ɗan, ya tsaya. Ya dubi wayar da ta leƙo daga aljihun malamin, ya waiga ya dubi masu wucewa a hanya, yana tambayar kansa wa ya turo wannan, kuma wa ke jira a wani ɗaki.

Ya janye yatsan ya tura wani. Ya bi malamin nan da ci ba sassauci, har ya share allon bai bar masa ko ɗa guda ba. Malamin ya yi 'yar dariyar kunya, ya biya kuɗin gyara, ya sa takalminsa ya tafi bai nemi na biyu ba.

Abibatu na bakin ƙofa da tsintsiya, ta ga komai. Ta ce, "Malam, baƙo ne fa."

Ɗankande ya ce, "Na sani." Ya tattara 'ya'yan darar ya zuba a gwangwani, ya ɗauki allon ya shiga da shi ciki tun rana ba ta faɗi ba.